Kundin tsarin mulki na aljihu: wanda na saya a danja da wanda na saya a shago

Gardamar majalisarmu ta bayan la'asar ce ta sa na shiga neman kundin tsarin mulki. A watan Yulin 2024, lokacin da zancen yarjejeniyar Samoa ya cika gari (yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Pasifik, wadda wata jarida ta ruwaito cewa tana tilasta amincewa da auren jinsi), ɗan majalisarmu na Dala, Aliyu Sani Madakin Gini, ya miƙe a zauren Majalisar Wakilai ya kawo ƙuduri yana neman a binciki abin da gwamnati ta sa wa hannu ran 28 ga Yuni. Dattawan unguwa suka rabu biyu. Wasu suka ce bakin alƙalami ya bushe, tunda an riga an rattaba hannu, duk abin da ɗan majalisa zai faɗa surutu ne. Wasu suka ce ina, ai da sauran magana. Da yake na daɗe ina koyar da darasin gwamnati a sakandare kafin in yi ritaya, sai aka juyo kaina. Na san amsar tana sashe na 12, amma na fi so in nuna musu a rubuce.

Kwafin farko a hannun wani yaro na saye shi a danja, naira 1,500. Bangonsa kore da fari, an rubuta cewa yana ɗauke da duk gyare-gyare. Ya yi mini aikin ranar, don sashe na 12 yana nan daram. Matsalar ta fito bayan 'yan watanni, da aka yi zancen ritayar wani alƙalin babbar kotu. Na buɗe sashe na 291 na karanta wa mutane cewa shekara 65 ce iyaka. Wani ɗan maƙwabcina, lauya ne matashi, ya bari sai da aka watse ya matso ya ce, "Baba, wannan tsohon bugu ne aka sauya masa bango." Tun watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya daidaita shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna zuwa 70. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutane sun yarda da abin da na karanta musu. Lauyan ne ya kwatanta mini shagon da yake sayen littattafansa, kusa da kotuna.

Shagon ɗan tsukuku ne. Littattafan rahoton shari'u sun kai har rufi, a gefe ga baƙaƙen riguna da hulunan lauyoyi a rataye. Ba wurin zama, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Amma mai shagon ya san hajarsa. Da na faɗi abin da nake nema, bai miƙo mini kawai ba. Ya buɗe sashe na 291 da kansa ya ce, "Malam, duba nan tukuna." Na ga 70. Ya sake buɗe sashe na 121, ƙaramin sashe na 3, inda aka tanadi a riƙa biyan kuɗin ɓangaren shari'a da na majalisar jiha kai tsaye. Ya ce da waɗannan wurare biyu yake gwada duk wani bugu kafin ya karɓa daga hannun dillalai. Naira 4,000 na biya, bai rage ko sisi ba, ni kuma ban ji ciwo ba.

Shi wannan sashe na 121 yana da tarihi mai ɗaci. An shigar da 'yancin kuɗin a gyaran 2018, gwamnoni da dama suka yi biris. Shugaba Buhari ya fitar da umarnin zartarwa mai lamba 10 a 2020 don tilasta su, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022 ta ce ya wuce iyakarsa. A tsakani ma'aikatan kotuna suka rufe kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yunin 2021. Sai a Maris na 2023 aka sake gyara sashen aka fayyace yadda za a riƙa biyan kuɗin. Wanda ke riƙe da tsohon bugu ba zai san an yi wannan tafiya ba, ballantana ya tambayi ɗan majalisar jiharsa ko ana aiki da tanadin.

In koma kan sashe na 12, wanda shi ya fara kawo ni. Abin da yake cewa a taƙaice: babu yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da wata ƙasa da za ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sa hannun jami'in gwamnati a Turai bai isa alƙali a Kano ya yi hukunci da ita ba. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam, alal misali, sai da aka yi mata doka a 1983 kafin kotunanmu su kama aiki da ita. A kan wannan sashen ne Majalisar Dattawa ta tsaya a 2007 ta ƙalubalanci yarjejeniyar Greentree da Obasanjo ya sa wa hannu a 2006 kan Bakassi, ko da yake hakan bai hana a miƙa yankin ga Kamaru a Agustan 2008 ba. Akwai kuma wurin da ya fi jan hankalina, wanda na manta da shi sai da na sake karantawa: in yarjejeniyar ta taɓa abin da ba na tarayya kaɗai ba ne, dokar ba za ta tabbata ba sai mafi rinjayen majalisun jihohi sun amince. Ashe 'yan majalisar jiha ma suna da baki a zancen.

Ministoci sun fito sun musanta cewa yarjejeniyar Samoa tana tilasta auren jinsi, jaridar da ta fara kawo labarin ma ta nemi afuwa daga baya. Wannan bai rage darajar tambayar da aka yi a zaure ba a wurina. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Ɗan majalisar da ya ce a kawo takarda a gani aikinsa yake yi, kuma da an kawo ta tun farko da ba a yi watan ruɗani ba.

Littafin ba ya rasa aibu. Rubutun ƙanana ne sosai, ko da tabarau sai na kusanci taga. Babu jerin batutuwa a ƙarshe, wanda bai san lambar sashe ba zai sha lalube. Ɗinkin ma na gam ne, shafukan farko sun fara saki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu na Hausa a shagon. Na tambaya, mai shagon ya girgiza kai ya ce ba ni ne na fara tambaya ba. Yawancin dattawan majalisarmu sai na fassara musu, kuma fassarar baki tana zubar da abubuwa a hanya.

Duk da haka na sake komawa na sayi biyu, ɗaya na ɗakin karatun makarantar da na bari, ɗaya na ajiye a shagon telan da muke zama a ƙofarsa. Mai niyyar zuwa ya guji ranar Juma'a bayan sha biyu, suna rufewa. Ko a ina zai saya kuma, ya buɗe sashe na 291 kafin ya fito da kuɗinsa.