Cingam ɗin Nicorette a aljihun tela: yadda muka kwashe da shi

Shekara 19 ina shan sigari. Na fara tun ina yaron shago, ana aikena sayen kara biyu in ɓoye ɗaya, har na zama mai shagon kaina a Kaduna ina zuƙe kara 12 zuwa 15 a rana. A daren shiga 2025 na ɗauki alwashi uku: in daina sigari, in riƙa zagaye unguwa da ƙafa bayan Asuba, in kuma daina yi wa masu kawo ɗinki alƙawarin ranar da na san ba zan cika ba. Tafiyar Asuba sanyin hunturu ya kashe ta cikin kwana shida. Na ukun kuwa, ku tambayi masu kaya. Saura sigari, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Wani ƙanina da ke karatu a Ingila ne ya zo mini da kwali biyu na Nicorette, wato cingam mai sinadarin nikotin da ake taunawa don daina sigari, mai ɗanɗanon na'a-na'a, kowane kwali ƙwaya 105. Akwai mai nikotin miligiram 2, akwai mai miligiram 4. Takardar ciki ta ce wanda ba ya wuce kara 20 a rana ya ɗauki ƙaramin, kuma kada a haura ƙwaya 15 a yini. Ƙaramin ya kawo mini. Ban karanta takardar ba sai da na sha wuya.

Ranar farko na ɓare ɗaya na hau tauna kamar yadda yara ke yi da cingam ɗin mai tebur. Ba a yi minti biyar ba maƙogwarona ya ɗauki zafi, shaƙuwa ta sarƙe ni, ga ƙwannafi, ga jiri. Yaran shago suna ta dariya a ɓoye. Da yamma na je wani babban kemis na nuna wa mai ba da magani, wani dattijo mai haƙuri.

Ya ce, "Malam, ai ba haka ake cinsa ba. Ka taɓa ganin yadda tsofaffi ke ajiye garin taba a leɓe?"

Na ce, "Kakata ma haka take yi, har da kanwa."

Ya ce, "To haka za ka yi. Ka tauna a hankali har ka ji ɗan yaji-yaji a harshe, sai ka tura shi tsakanin kunci da dasashi ka bar shi. In yajin ya lafa ka sake taunawa kaɗan. Ƙwaya ɗaya ta yi maka kamar rabin awa."

Bayaninsa shi ne, sinadarin nikotin ta fatar cikin baki yake shiga jini. In ka haɗiye shi da yawu, ciki yake tafiya ya tayar maka da shaƙuwa, amfanin kuma ya ragu. Ya kuma hana ni shan kofi ko lemon kwalba minti 15 kafin in sa shi a baki, don tsaminsu yana rage shigar maganin. Wannan ya fi komai ba ni haushi, domin ni sigarina na farko da kofin shayi yake tafiya.

Daga ranar abin ya sauya. Ba zan yi ƙarya ba, yana aiki. Wannan ƙaiƙayin da ke taso maka daga ƙirji, ka ji kana neman wanda za ka yi wa tsawa, yana kwantawa cikin 'yan mintoci. Ba ya zuwa da sauri kamar zuƙar hayaƙi, wadda take kaiwa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi, saboda haka na koyi sa shi tun kafin jarabar ta taso, musamman bayan cin abinci. Ashe ma asalinsa ke nan: a Siwidin aka ƙirƙiro shi, bayan wani likita ya lura a 1967 cewa sojojin jirgin ruwan da ke nutsewa ƙarƙashin teku, da yake ba su da halin kunna sigari, taba suke sawa a leɓe. Wato dabarar kakata ce aka yi wa kwali.

Abin da bai yi mini ba shi ne hannu. Sabo turken wawa. In na gama yanka shadda na ajiye almakashi, sai in ga hannuna ya tafi aljihu neman ashana da kansa. Cingam ba shi da maganin wannan. Asuwaki na koma riƙewa, da kanumfari a gefen keke. Majalisar mai shayi ma dole na yi mata yaji na wata guda, don duk wanda ya kunna kusa da ni sai in ji kamar ana kirana da sunana. A watan Fabrairu, a wajen wani ɗaurin aure, wani tsohon aboki ya miƙo mini kara ɗaya na karɓa. Na sha rabi na yar. Uwargida ta ji warin tun daga zaure, ba ta ce komai ba, sai ta ajiye mini kwalin cingam a kan faranti kusa da tuwo.

Sai azumi ya kama a farkon Maris, ga ɗinkin Sallah. Duk tela ya san waɗannan darare: daga bayan Tarawihi har sahur kana kan keke, kuma a da sigari ne abokin hira. Da rana ba maganar cingam, sai bayan buɗa-baki. Abin mamaki, azumin ne ya taimaka mini na rage, daga ƙwaya tara a yini na dawo uku, duka da dare. Muƙamuƙina dai ya yi ciwo a makonnin farko, kuma wanda ke da haƙoran roba ya sani yana manne musu.

Kuɗi fa? Da nawa suka ƙare na nemi ƙari a gari. Ba kowane kemis ke da shi ba, kuma da yake daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Na riƙa saye ina ƙunƙuni, sai da na lissafa abin da na ƙona a shekara 19 sannan na yi shiru. Mai ciwon zuciya, ko mace mai juna biyu ko mai shayarwa, su fara ganin likita tukuna. Kuma a ɓoye shi daga yara, don kamarsa ɗaya da alawa. Ƙaramar ɗiyata ta taɓa ɗauko shi daga aljihun rigata, Allah ya sa na gani da wuri.

Bayan Sallah da mako uku na daina taunawa gaba ɗaya. Tarin safe ya tafi, kuma na gano cewa miyar kukar gidana ta fi yadda nake zato daɗi. Akwai sauran ƙwaya shida a aljihun keken ɗinkina, tare da allurai da alli. Ranar da wani ya zo da kaya kala bakwai ana jibi biki, nakan buɗe in dube su.