Ƙira don sha'awa a Jos: abin da za ka saya da abin da za ka bari a kasuwa

Ni ba ɗan gado ba ne. A gidanmu babu wanda ya taɓa riƙe masaba, kuma abin da ya ja ni zuwa ƙira bai wuce kallon Turawa a YouTube suna mayar da guntun ƙarfe wuƙa ba. Yau shekara uku ke nan ina buga ƙarfe duk ranar Asabar a bayan gida. Rabin kuɗin da na kashe a watannin farko asara ce, domin na bi jerin kayan mutumin Amurka alhali ina zaune a Jos.

Uwar maƙera ce ta fara cin kuɗina. Na ga wata a shago, mai ƙaho irin ta cikin bidiyo, an shafe ta da shuɗin fenti, farashinta kuma bai kai yadda na zata ba. Na biya ina murna. Kafin sati biyu fuskarta ta cika da ramuka kamar mai zanzana, gefe ɗaya ya ɓare. Na ɗora ta a Keke Napep na kai wa wani dattijon maƙeri da nake zuwa kallon aikinsa. Ya ƙwanƙwasa ta sau ɗaya da guduma, ya kasa kunne, ya ce, "Yaro, wannan ai ta tokare ƙofa ce." Na ce, "Baba, nauyi fa gare ta." Ya ce dutse ma yana da nauyi. Ashe ƙarfen zubi ce, irin wanda ake yin injin niƙa da shi, ba ya mayar da bugu, ba ya kuma jure shi. Araha ba ta ado.

In ka dage sai mai ƙaho, tafi da ƙwallon boris a aljihu. Sake shi a kan fuskarta daga tsayin taƙi ɗaya. Ta kirki za ta cillo shi sama ya dawo kusan kashi uku cikin huɗu na inda ya taso, da amo mai tsawo. Ta zubi kuwa sai ka ji "dif", ƙwallon ya ɗan motsa ya kwanta. Wadda ta ci wannan jarrabawa tana da tsada ƙwarai, kuma mai koyo ba ya bukatarta.

Abin da nake amfani da shi yanzu kan babbar guduma ce ta fasa dutse, mai kilo 7, wadda na dasa a tsaye cikin kututture. Fuskarta ba ta wuce tafin hannu ba, amma ai inda guduma ke sauka ne kawai yake aiki. Ko uwar maƙerar gargajiya ma ba faɗi ne da ita ba, dunƙulen ƙarfe ce da aka kafa a itace aka binne a ƙasa. Wani zaɓin shi ne guntun sandar ƙarfe mai kauri daga jikin babbar mota, wanda za ka samu wurin 'yan gwangwan a kan kilo. Za su kuma nuna maka guntun titin jirgin ƙasa. Yana aiki, musamman in aka tsayar da shi a kan tsawonsa don nauyin ya taru a ƙarƙashin bugu. Sai dai kayan Hukumar Jiragen Ƙasa ne, ana kama mutane a kansa, kuma ba na jin sha'awar ranar Asabar ta isa ta kai mutum ofishin 'yan sanda. Ni dai na bar shi.

Ka yanke shawara tun da wuri ko a zaune za ka yi ko a tsaye. Maƙeranmu a zaune suke, komai na kusa da hannu. Wanda ya saba da kujerar ofis gwiwa ba za ta bar shi ba. In a tsaye ne, fuskar uwar maƙera ta zo daidai da dunƙulen hannunka idan ka sake shi a gefe.

Sai wuta: gas ko gawayi. Murhun gas yana da daɗin sha'ani, babu toka, babu tartsatsi, zafinsa bai ɗaya, cikin 'yan mintuna ƙarfe ya yi ja. Amma sai an gina shi da bulo mai jure wuta, sai an nemo kan tukunya mai ƙarfin fitarwa domin na kicin ba ya isa, kuma cikinsa ƙarami ne, bakin garma ba zai shiga ba. Yana shan gas kamar rijiya, tukunya mai kilo 12.5 ba ta daɗewa. Ga kuma matsalar da ta shafe mu nan kan dutse: idan ana jan gas da ƙarfi tukunyar kan yi sanyi har ta yi raɓa, ƙarfin wutar ya ragu, kuma safiyar Disamba da Janairu a Jos tana ƙara dagula abin. Wanda ke zaune a gidan haya mai maƙwabta da yawa, kuma ƙananan wuƙaƙe kawai yake son yi, shi gas ya dace da shi.

Ga sauran mu, gawayi ne. Yana kai ƙarfe zafin digiri 1,000 zuwa 1,200 da ake bukata ba tare da wahala ba, har ya ƙone shi in ka yi sakaci. Murhunsa kuma kusan kyauta ne: rami marar zurfi, katangar laka, bututun ƙarfe da ke shigo da iska ta gefe. Mai raina laka da gawayi ya tuna cewa Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya tono murahun narka tama a Taruga, kusa da Abuja, waɗanda suka haura shekara 2,000. Da waɗannan abubuwa biyu mutanen suka fitar da ƙarfe daga dutse, balle kai da za ka lanƙwasa rodi kawai.

Ba kowane gawayi ba ne dai. Tambayi na ƙirya, shi maƙera suka fi so. Yana da nauyi a hannu, in ka buga biyu da juna suna ƙara kamar kwalba, yana kuma daɗewa yana ci. Na gasa masara mai sauƙin nan iska ɗaya ce ke watsa shi. Ka sa a zazzage buhun a gabanka, domin ƙasan wani buhun gari ne zalla. Ka saya da rani, damina tana tsadar da shi tana kuma jiƙa shi. A gida ka farfasa shi ya koma girman goro.

Komai tsananin hunturu kada ka hura shi a rufaffen ɗaki. Iskar da ke kisa a gawayi ba ta da wari. Rumfa buɗaɗɗiya ta wadatar. Kada kuma ka hura a kan daɓen siminti, yana fashewa ya yi tsalle idan ya ji zafi.

Zuga-zugin fata yana da kyan gani, amma sai da mai zuga, kuma yaran yanzu minti goma ne su gudu. Fankar da ake juyawa da wilin keke ta fi, masu walda suna haɗa ta. Na'urar busar da gashi tana bukatar wutar lantarki, iskarta kuma ta yi wa gawayi yawa. Abin da ya zauna mini shi ne fankar hita ta tsohuwar mota daga wajen masu kayan gyara a Dilimi, haɗe da batir mai bolt 12 da makunni kusa da ƙafa. A ɗauke wuta, a kawo wuta, babu ruwana.

Guduma mai kilo ɗaya ta isa. Ta fi haka, kafin azahar gwiwar hannu ta fara ƙara, bugun kuma ya karkace. Awartaki kada ka saya a shago. Je wurin maƙeri da goronka, ka gaishe shi, ka ba shi aikin guda biyu, ɗaya mai kama faffaɗan ƙarfe, ɗaya mai kama mulmulalle, ka zauna ka kalli yadda zai yi su. Ƙira sana'ar gado ce, wasu za su yi mamakin ɗan boko da wannan sha'awa, amma ban taɓa zuwa da ladabi aka kore ni ba. Ƙara da kurfi na yankan ƙarfe, magagari, tabarau mai kare ido, da rufaffen takalmi. Tufafi na auduga, don yadin roba narkewa yake ya manne a fata.

Ƙarfen koyo rodi ne, ragowar wurin gini, ka yi ta yin ƙugiya da ƙusa har hannu ya faɗa. Wuƙa da gatari sai sifirin ɗin mota. Ka duba shi da kyau, tsohon sifirin yakan ɓoye tsaga. In za ka taurara shi, gasa shi har mayen ƙarfe ya daina kama shi, wajen digiri 770 ke nan, ka ƙara kaɗan, sannan ka tsoma a mai. Ruwa yana tsaga shi. Bayan nan a sake ɗumama shi a hankali har bakin ya yi launin kara, in ba haka ba zai karye kamar tangaran. Bututun ruwa mai farin rufi da duk wani ƙarfe mai irin wannan rufin kada su shiga wutarka, hayaƙinsu yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Shuɗiyar uwar maƙerar nan tana nan har yau. Uwargida ta ɗora tukunyar fulawa a kanta.