4L80E, 6L90 ko Allison: wane giyabos ne zai riƙe Silverado mai turbo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga tambayar da ɗan'uwanmu ya kawo, a taƙaice: yana da Chevrolet Silverado 1500 ƙirar 2004, injin fetur V8 mai lita 5.3. Ya ɗaura masa turbo, yana neman ƙarfin doki wajen 500. Giyabos ɗin otomatik da ya zo da motar, wato 4L60E, ya fara sulɓewa a giya ta uku. Motar hawansa ce ta kullum, jefi-jefi kuma yana jan tirela da ita. An ba shi shawarar 4L80E, an ba shi ta 6L90, wani kuma ya ce ya tafi kai tsaye ga Allison 1000. Yana son sanin wanda zai zuba wa kuɗinsa.

Malam, amsata ita ce 4L80E. Amma bari in jera maka su gefe da gefe, ka ga dalili da idonka, domin kowannensu yana da inda ya fi sauran.

Da farko, kada ka sake kashe kuɗi kan 4L60E. Kamfanin GM, mai ƙera motocin Chevrolet, ya ƙera shi ne don ƙarfin murɗawa da bai wuce wajen Nm (newton-mita) 490 ba, injinka kuma tun daga masana'anta yana ba da wajen 450. Ka ga dama tazarar kaɗan ce. Da turbo ya shigo, ka tsallake iyakar nesa ba kusa ba. Faifan kulocin da ke riƙe giya ta uku da ta huɗu, waɗanda makanikai ke kira faiba, su ne sanannen rauninsa, sulɓewar da kake ji kuwa alamarsu ce. Ana iya gina shi da kaya masu ƙarfi, akwai masu yin haka, sai dai a mota mai nauyin fiye da tan biyu da ke jan kaya, za ka riƙa komawa gareji.

4L80E ya fito a 1991, kuma jinin TH400 ne, giyabos mai giya uku da GM ta fitar a 1964 wanda har yau masu tseren mota a Amurka ba su rabu da shi ba. An ɗauki cikin TH400, aka ƙara masa giya ta huɗu ta doguwar tafiya, da konbata mai kullewa (konbata ita ce ke miƙa ƙarfin inji ga giyabos ta hanyar mai), da sarrafawar kwamfuta. Rabon giyoyinsa 2.48, 1.48, 1.00 da 0.75. An sa shi a manyan a-kori-kura na 2500 da 3500, da Suburban, da Hummer H1, har Rolls-Royce da Bentley sun yi amfani da shi. A takarda Nm 600 ne ƙimarsa, amma masu harkar sun daɗe da sanin cewa yana ɗaukar fiye da haka sosai idan an yi masa 'yan gyare-gyare.

6L90 kuwa sabon zubi ne. Ɗan'uwansa 6L80 ya fito a 2006, 6L90 kuma ya biyo baya a manyan motocin aiki, ya fi shi tsawo da milimita 35, ya fi shi yawan faiba da kaurin ƙarfe. Giya shida: 4.03, 2.36, 1.53, 1.15, 0.85 da 0.67.

Dubi lambobin farko, 2.48 da 4.03, a nan babban bambancin tuƙi yake. A ce rabon giyar aksul ɗinka na baya 3.73 ne. Da 6L90, inji zai juya kusan sau 15 kafin taya ta juya sau ɗaya a giyar farko. Da 4L80E, sau 9 da ɗan ɗori ne kawai. Wanda kake da shi yanzu, mai giyar farko 3.06, yana ba ka sau 11 da wani abu. Ma'ana, ranar da ka sa 4L80E za ka ji motar ta yi nauyin tashi fiye da yadda ka saba, gara ka san da wannan tun yanzu. Idan tirela ce a bayanka kana kan tudu, 6L90 zai ɗaga ta cikin sauƙi, wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai injinka mai turbo ne, turbo kuma yana son kaya a kansa. Doguwar giyar farko tana ba injin abin turawa, hayaƙi ya yi ƙarfi, turbo ya cika da wuri, kuma ba ya faɗuwa kowane lokaci saboda canjin giya. Ga kuma a-kori-kura bayanta babu nauyi. Doki 500 a kan giyar 4.03, mafi yawansa zai tafi ne a hayaƙin taya. Shi ya sa za ka ga da yawa daga masu injin LS mai turbo a Amurka, wato dangin injinka, 4L80E suke sawa, ba don ba su san da mai giya shida ba.

A doguwar hanya tazarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Da taya mai inci 33 da aksul 3.73, a gudun kilomita 120 cikin awa, 4L80E zai riƙe injin a juyi 2,100 a minti, 6L90 kuma wajen 1,900. Bambancin juyi 200 ne. Za ka ɗan ga sauƙin mai da 6L90, amma ba wanda zai biya kuɗin aikin ba. Wanda zai wahalar da kai a nan shi ne TH400, idan wani ya kawo maka shawararsa: ba shi da giya ta huɗu, injin zai zauna sama da 2,800, konbatarsa ba ta kullewa, ga zafi ga shan mai. Na filin tsere ne, ka bar shi can.

Yanzu ga abin da ya yanke mini hukunci, wato kwamfuta. Motarka 'yar gidan su Silverado 2500 ce mai injin lita 6.0, wadda ta fito daga masana'anta da 4L80E. Kwamfutar da ke cikin motarka iri ɗaya ce da tata, ta riga ta iya sarrafa wannan giyabos. Abin da ake yi shi ne a sauya ɓangaren giya a cikin manhajarta, a matsar da 'yan wayoyi a soket, a jawo sababbi zuwa sensar gudun shaf na gaba, domin 4L80E sensar gudu biyu gare shi. Shi ke nan, ba ka sayi wata kwamfuta ba. 6L90 kuwa kwamfutarsa tana cikinsa, a nutse cikin man giya tare da solanoyid ɗinsa masu buɗe wa mai hanya da rufewa, kuma da kwamfutar injin zamani na gaba take magana, irin ta motocin 2007 zuwa sama. Taka ta 2004 ba ta jin yarenta. Dole ka sayi na'urar da za ta shiga tsakani ko ka sauya wayoyin motar da kwamfutar injin gaba ɗaya. Bayan haka sai saiti. 6L90 yana canja giya ne ta sakin kuloci ɗaya da kama wani a lokaci guda, kuma yana dogara da lissafin ƙarfin da injin ke aiko masa. Idan lissafin ya yi ƙasa da gaskiya, abin da ke yawan faruwa bayan an sa turbo, zai riƙe faiba da matsin da bai isa ba, su ƙone a hankali ba ka sani ba. Mai iya wannan saiti ba a kowane gari ake samunsa ba.

Kowannensu da ciwonsa. A 4L80E, kulocin da ke riƙe giya ta uku da ribas shi ne ke fara gajiya in ƙarfi ya yi yawa. Maganinsa sananne ne: ana buɗe hanyar mai yadda zai tura dukkan faɗin fistin a giya ta uku maimakon ɓangarensa, a ƙara matsin mai, a sa sababbin faiba. Da wannan, doki 500 ba abin tsoro ba ne. Idan wata rana ka haura 700 ko 800, a lokacin ne za a yi maganar sauya shaf na gaba da mai ƙarfi. A gidan 6L80 da 6L90, konbatar masana'anta ce ta yi ƙaurin suna. Kulocinta yana cinyewa, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga famfo da ko'ina, gyaran da ya kamata ya tsaya kan abu ɗaya ya koma na giyabos ɗin dukansa. Faiban giya ta huɗu zuwa ta shida ma ba sa son a matsa musu.

Allison 1000 fa? Ina girmama shi ƙwarai. Ya shigo motocin GM a 2001 tare da injin dizal na Duramax mai lita 6.6 da kuma na fetur mai lita 8.1, da giya biyar, aka mai da shi shida a 2006. Don jan kaya masu nauyi ba shi da na biyu a cikin ukun nan. Amma nauyinsa ya kai kilo 150, jikinsa babba ne, ba zai zauna a ƙarƙashin 1500 ba sai da bugu da yanka, yana da tasa kwamfutar daban, kuma an yi shi ne don injin da ke aiki a ƙaramin juyi, ba mai haurawa 6,000 ba. Kamar ɗaura wa dokin sukuwa amalanken shanu ne. Da motarka 2500HD ce mai Duramax, da ban ma kawo sunan sauran ba.

Idan ka yarda da 4L80E, ga abin da aikin zai ci, don kada makanike ya yi maka ba-zata. Ya fi 4L60E tsawo da nauyi, yana haura kilo 100, saboda haka ƙarfen da yake zama a kai zai sauya ko a matsar da shi, farfela za a rage mata tsawo a sa mata kai mai haƙora 32 maimakon 27. Idan motar mai jan taya huɗu ce, akwatin raba ƙarfi ma sai an sauya masa giyar shiga zuwa mai haƙora 32. Faifan da ke haɗa inji da konbata, ka nemi na injin 6.0 tare da zobensa. Kuma ka nemi giyabos na 1997 zuwa sama, wanda aka gyara wa hanyar shayar da mai. Gane shi ba wuya: bututun mai ɗaya yana gaba, ɗayan yana can baya, na tsohon kuwa duka biyun suna gaba kusa da juna. Ko daga ina aka kawo shi, Ladipo ko Sharja ko Amurka, a buɗe kaskon ƙasa a gabanka. Mai baƙi mai ƙauri ko garin ƙarfe da yawa a kan maganaɗisu, a ajiye shi a kawo wani.

Abu biyu ne nake roƙonka kada ka yi musu rowa. Na farko konbata. Ita ce za ta dawo maka da tashin da giyar 2.48 ta ɗauke. Mai kamawa a juyi 2,800 zuwa 3,200 ta dace da mota irin taka, kuma a tabbatar kulocin kullewarta mai ƙarfi ne. Kada ka wuce haka tunda kana jan tirela, domin duk yadda konbata ta ƙara saki, haka take ƙara dafa mai. Na biyu sanyaya. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95, idan ya riƙa haura 120 yana lalacewa da sauri, robobi su bushe, faiba su bi baya. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa ke wuce 40 a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ɗan bututun da ke cikin lagireto ba zai wadatar ba. Ka sa babbar na'urar sanyaya mai a gaban lagireto, ka sa agogon zafin giya inda idonka zai riƙa kai wa. In kana jan kaya a hanya mai hawa da sauka, ka riƙe ta a giya ta uku.

Abin da zai sa in sauya amsa ɗaya ne: da motarka ƙirar 2009 ce zuwa sama wadda ta zo da 6L80, da na ce ka zauna a gidan giya shida, ka sa konbata mai kyau, ka nemi gwanin saiti. A ta 2004, ka sa 4L80E, kuma kada ka taka totur har ƙasa sai mai saitin ya hau motar tare da kai ya duba matsin mai da canjin giya a kwamfutarsa.