Ɓoye suna a Glassdoor ko kai kuka wurin sufeton aiki?

Matasan Maradi masu aiki da kamfanoni da ƙungiyoyin waje sun sha tambayata: in an zalunce ka a wurin aiki, wanne ya fi, ka yi rubutu a Glassdoor, shafin intanet da ma'aikata ke faɗin ra'ayinsu kan kamfanoni, ko ka kai kuka wurin sufeton aiki, jami'in gwamnati mai kula da dokokin aiki?

Rubutu a Glassdoor kyauta ne, kuma masu karatu ba sa ganin sunanka. Kamfani ba ya iya biyan kuɗi a goge ra'ayinka, sai dai ya kai koke, shafin ya duba ko ka saɓa ƙa'ida. Kai kuwa kana iya cire abinka. Amma sirrin ba cikakke ba ne. A 2022 wata kotun Amurka ta umarci shafin ya ba kamfanin Zuru bayanan waɗanda suka soke shi. A ofis mai mutum goma kuwa, muƙaminka kaɗai ya isa a gane ka. Ga kuma dokar intanet ta Nijar ta 2019 da ke hukunta ɓata suna, ita ta fi damuna.

Wurin sufeto, in sulhu kake nema, babu ɓoyo, akwai zirga-zirga, amma shi ke iya zaunar da kai da kamfanin sulhu.

Mai son jan kunnen masu neman aiki, Glassdoor ya dace da shi. Wanda ke bin albashinsa, da takardu a hannu, ya nufi sufeto.