Yankan linzami a asibiti: yadda na ga aikin

Duk uwar da aka ce wa jaririnta na da linzami, wato zaren ƙasan harshe ya riƙe masa harshe, ta kai shi asibiti a duba kafin aska ta taɓa bakinsa. Ni na kai nawa, kuma ban yi nadama ba, sai dai akwai gyara.

Tun kafin suna nake fama. Yaro ya kama nono ya saki, ana jin ƙas-ƙas a bakinsa in yana tsotso, ya daɗe a kai amma ba ya ƙoshi. Kan nonona duk ya tsage, in zan ba shi sai na cije leɓe. Surukata ta ce a bari wanzami ya zo ranar suna ya cire belu, ya haɗa da linzamin. Maigida ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri a ga likita tukuna."

Abin da ya fi burge ni, likitar ba ta yi gaggawar ɗaukar almakashi ba. Sai da ta sa na shayar da shi a gabanta, ta gyara min riƙo, aka auna shi. Ta ce jariri kan rage nauyi a kwanakin farko, amma wajen mako 2 ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa. Sannan ta sa safar hannu ta ɗaga harshen: zaren da ke ƙasa gajere ne, ya kai kusan tsini, harshen ba ya wuce dasashi, in ya yi kuka tsinin sai ya lotsa ciki. Ta ce ba kowane zare ake yankewa ba, in yaro na shan nono lafiya a ƙyale shi. Ta kuma tambaya ko an yi masa allurar bitamin K, da ko akwai mai matsalar tsayawar jini a dangi.

Shi yankan kamar ƙiftawar ido ne. Aka naɗe shi a zani, nas ta riƙe kai, aka datse. Jini ɗan ɗigo, aka danna da auduga, na sa masa nono nan take.

Inda suka gaza shi ne bayani bayan aiki. Ba wanda ya gaya min wani fari-fari zai fito a ƙasan harshe. Hankalina ya tashi, na ɗauka mugunya ce, na koma na sake bin layin kati, ashe warkewa ce kawai. Magana ɗaya ta isa ta hutar da ni.

Zafin nono ya ragu tun ranar, amma tsotson bai daidaita ba sai a hankali, da na ci gaba da riƙon da ta koya min. Yanzu yana ƙoshi, yana barci, nauyi na hawa.