Peugeot 504 da Volkswagen Beetle: wa ya fi more motarsa?

Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shiga aljihun ma'aikata a 1975, da yawa sai suka fara tunanin mota. A shekarar ne kuma aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, Volkswagen kuwa a Legas.

A wancan lokaci Beetle motar mai ƙaramin ƙarfi ce, malamin makaranta ko akawu. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, don haka ba ruwanka da ɗura wa lagireto ruwa. Ba ta shan mai sosai. Tun daga bakin layi yara ke gane kukanta. Amma ƙofa biyu gare ta. Kafin Hajiya ta shiga baya sai an kwantar da kujerar gaba, ta tattare zani ta sunkuya. But ɗin gaba kuwa, buhun gero ɗaya ya gagare shi.

504 fa? A zamaninta ita ce motar gwamnati, ita ce ta tasha. Doguwarta mai layi uku ta yi jigilar Kano zuwa Maiduguri har ta gaji, an danƙara kaya a baya, ƙeyar fasinja na gogar buhu. Tana shanye gargada, kayan gyaranta kuma ko a ƙaramin gari ba a rasawa, ga makanikai sun san cikinta kamar yunwar cikinsu. Sai dai tsada, ga shan mai.

Ni dai da 504 zan tafi. Mai iyali da ƙauye a bayansa, Beetle ba ta kai shi gida da tsarabar sallah.