Ƙwayar niyasin ko tafiyar ƙafa: wanne ya fi gyara HDL don kariya daga bairos?

Ɗan'uwa, tsakanin kwalbar niyasin (wato bitamin B3) da aka ce ka saya don ɗaga HDL ka samu kariya daga bairos, da kuma tafiyar ƙafa haɗe da gyaran abinci, ɗauki na biyun, ka bar kuɗinka a aljihu.

HDL, wanda ake kira kolestarol mai kyau, ɗan ƙunshi ne da hanta da hanji suke ƙera tushensa, wato furotin ApoA-I. Aikinsa shi ne kwaso kolestarol daga sassan jiki ya kai hanta. A nan ne ya haɗu da maganar bairos: irin su na mura da HIV suna dogara da wuraren da kolestarol ya taru a fatar ƙwayar halitta wajen shiga ko fita, to idan aka rage kolestarol ɗin wurin, ƙofar takan ƙuntata musu. Yana kuma kwantar da kumburin da ke wuce gona da iri. Lokacin korona an lura cewa masu ƙarancin HDL sun fi jigata.

Amma lambar HDL da ke kan takardar gwajin jini ba garkuwa ba ce. Binciken da aka wallafa a 2018 kan mutum kusan 100,000 a Kofanhagan ta Denmak ya nuna cewa masu HDL ƙasa sosai da masu shi sama sosai duk sun fi kwanciya asibiti saboda cututtuka masu yaɗuwa. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in C ma ta ƙofar SR-B1 yake bi, wadda ita ce ƙofar HDL a hanta, har HDL ɗin kan sauƙaƙa masa shiga. Ingancin ƙunshin ake nema, ba yawansa kawai ba.

Niyasin dai yana ɗaga lambar, da kashi 15 zuwa 35 cikin 100, amma gyaran lamba ne a takarda kawai. Ana shan giram 1 zuwa 2 a rana, alhali abin da jiki ke bukata kusan miligiram 16 ne kawai, gyaɗa da nama sun isar. A gwajin HPS2-THRIVE na 2014, mai mutum 25,673, bai rage bugun zuciya ba, sai ma ƙarin munanan cututtuka masu yaɗuwa, da zubar jini, da rikicewar sukari. Ga jan fuska da ƙaiƙayi, ga wahalar da hanta.

Tafiya kuwa ƙarinta kaɗan ne a takarda, kamar maki 2 zuwa 3 na mg/dL (ma'aunin da ake rubuta HDL da shi), amma na gaskiya ne, domin tana zuwa da saukar tiragilisarid (wani nau'in kitse da ke cikin jini), da saisaita sukari da hawan jini. Minti 30 a rana, kwana 5 a mako, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta buɗe. Inda mutane ke kuskure shi ne tafiyar rangwaɗa ta minti 10, ko su daina bayan mako 3. Ƙasa da minti 120 a mako da wuya HDL ya motsa, kuma sai an jure wata 2 zuwa 3. Mai shan taba in ya daina, yakan samu kusan maki 4. A kwano kuma, rage lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu, domin sukari na ɗaga tiragilisarid, shi kuma ya ja HDL ƙasa. A ƙara wake, gyaɗa da kifi mai maiƙo irin su titus da sadin. A guji man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi.

Ka yi hattara da masu talla a tasha da WhatsApp da ke cewa maganinsu "yana wanke kitsen jini, yana kashe kowane bairos". Babu maganin da ke yin haka. Wasu ma lambar NAFDAC ta bogi suke mannawa, kuma ko ta gaske ce, ba shaidar yana warkar da abin da suke faɗa ba ce. Kuɗin nan gara ka kai su gwajin ciwon hanta nau'in B, in ba ka da shi ka karɓi allurar rigakafi guda 3: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6.

Kada ka auna HDL kana cikin zazzaɓi ko mura, domin cuta na saukar da shi; jira 'yan makonni bayan ka warke. Idan ya fito ƙasa da 40 mg/dL ga namiji, ko ƙasa da 50 ga mace, kai takardar wurin likita ya duba sukari da tiragilisarid tare.